27 ga Agusta: Ranar da Yawuri ta Wayi Gari a Sakkwato, ta Kwana a Kebbi

Ranar 27 ga Agusta ita ce ta 239 a shekarar Miladiyya, ko ta 240 idan Fabrairu ta yi kwana 29. A gaɓar tafkin Kainji tana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ruwan kogin Kwara ya gurɓace ya yi fari-fari saboda lakar da rafuka ke zubo masa, tafkin da ya janye da rani kuma ya fara komawa mazauninsa. A Najeriya ranar ta yi suna ne saboda abubuwa biyu da mutum ɗaya, Babangida, ya yi, shekara shida tsakani, kuma dukansu ranar Talata. Littattafan makaranta da jaridu sukan cakuɗa lissafin abin da ya faru, musamman adadin jihohin da aka ƙirƙiro a 1991 da ranar da Babangida ya sauka, shi ya sa ya dace a jera su daki-daki.

Na farko shi ne juyin mulkin 1985. Ana cikin hutun Babbar Sallah, mataimakin shugaban ƙasa na soja Manjo Janar Tunde Idiagbon yana Saudiyya wurin aikin Hajji, sai aka ji muryar Birgediya Joshua Dogonyaro a rediyo yana sanar da kifar da gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari. Manjo Janar Ibrahim Badamasi Babangida, hafsan hafsoshin sojan ƙasa, ya karɓi mulki. Buhari ya zauna a tsare har 1988. Wannan labari kowa ya san shi.

Wanda ya fi shafar mutanen Yawuri, Ngaski da Shanga shi ne na biyu. Ranar 27 ga Agusta, 1991, a jawabin cikarsa shekara shida kan mulki, Babangida ya mai da jihohin Najeriya 30 daga 21. Aka yanki kudu maso yammacin tsohuwar jihar Sakkwato aka kira ta jihar Kebbi, hedikwatarta Birnin Kebbi, ta ƙunshi masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Sunan an aro shi daga tsohuwar daular Kabi ta Kanta, wadda Argungu ta gada.

A nan ne majiyoyi ke saɓawa. Wasu sukan ce jihohi tara aka ƙirƙiro a ranar, wasu su lissafa goma sha biyu, kuma kowanne yana da hujja. Ƙarin da aka samu tara ne. Amma Gongola ta rabu biyu sunanta ya ɓace, aka samu Adamawa da Taraba. Bendel ma haka, ta zama Edo da Delta. Tsohuwar Anambra ta zama Anambra da Inugu. Idan aka haɗa waɗannan shida da Abiya, Jigawa, Kebbi, Kogi, Osun da Yobe, sai a samu jihohi goma sha biyu da ke bikin zagayowar ranar kowace shekara. Lissafin tara shi ne daidai ga mai ƙidayar ƙari, na goma sha biyu kuma ga mai ƙidayar masu biki.

Ga Yawuri wannan ne karo na uku da aka sauya mata gida cikin shekara 24. Daga Lardin Sakkwato na Jihar Arewa ta shiga jihar Arewa maso Yamma a ranar 27 ga Mayu, 1967, zamanin Gowon, sai jihar Sakkwato a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, zamanin Murtala, sai Kebbi. A duk sauye-sauyen farko, Sakkwato ce wurin zuwa. Malamin makarantar da ke bin takardar ƙarin girma, da ɗan fanshon da ke bin haƙƙinsa, da ɗalibin da ke neman tallafin karatu, duk sai su hau mota a tashar Yelwa, su wuce Koko, su wuce Jega, su bi ta Tambuwal da Shagari da Boɗinga kafin su ga sakatariya. Daga 1991 motar tana kaiwa mararrabar Jega sai ta karkata hagu zuwa Birnin Kebbi. Tafiyar ta ragu sosai, duk da cewa har yau masarautar Yawuri tana cikin yankunan da suka fi nisa da fadar gwamnati, kuma mutumin Wara, hedikwatar Ngaski, sai ya fara yin tasa tafiyar kafin ma ya iso Yelwa.

Akwai sauyi na biyu da jawabin ya kawo wanda ba a cika ambata ba, alhali a bakin tafki ya yi nauyi daidai da na farko. A wannan gyaran iyakoki ne aka cire Borgu daga jihar Kwara aka haɗa ta da jihar Neja. Madatsar Kainji da garin Sabuwar Bussa, waɗanda tsofaffin littattafan labarin ƙasa suka sa a Kwara, sun koma Neja ke nan. Mai kwalekwalen da ya tashi daga Zamare ya tsallaka zuwa Rofiya, a da yana barin Sakkwato ne ya sauka a Kwara. Bayan ranar, yana barin Kebbi ya sauka a Neja. Gaɓa biyu duk sun sake suna lokaci guda, kogin da kasuwannin da dangin da ke aure tsakanin juna suna nan yadda suke.

Waɗannan mutane sun riga sun ga sauyin da ya fi na takarda zafi. A watan Agustan 1968 aka rufe ƙofofin madatsar da aka fara ginawa a 1964, ruwa ya taru ya shanye tsohuwar Bussa da gungunan da Gungawa suka daɗe suna noman albasa da kamun kifi a kansu. Kimanin mutum 44,000 aka tayar aka sake wa matsuguni a sababbin ƙauyuka. Yaron da aka goya aka fita da shi daga gungu a 1968 yana da shekara 23 lokacin da aka ce masa yanzu shi ɗan Kebbi ne. Duk tarihin jihar da ya fara daga Birnin Kebbi ya tsaya can, ya bar wannan ɓangaren a baya, bai cika ba.

Kanar Patrick Aziza aka tura ya kafa gwamnatin sabuwar jihar, kuma watanni kaɗan ya yi. An yi zaɓen gwamnoni a Disamba 1991, a Janairu 1992 aka rantsar da Alhaji Abubakar Musa, Garkuwan Yawuri, na jam'iyyar NRC, a matsayin gwamnan farar hula na farko. Wato masarautar da ke can ƙarshen kudu ita ta fara ba da gwamna zaɓaɓɓe. Mulkinsa ya ƙare a Nuwamba 1993 da Janar Sani Abacha ya rushe gwamnatocin farar hula. A kan gadon sarautar Yawuri a lokacin akwai Sarki Shu'aibu Yakubu Abarshi, wanda Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gada a 1999.

Saura batun 1993. An sa 27 ga Agusta ta wannan shekara a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula, shi ya sa wasu ke rubuta cewa ranar Babangida ya sauka. Ya sauka ne ranar 26, ya miƙa wa gwamnatin riƙo ta Cif Ernest Shonekan.

A sauran duniya, ranar ce a 1896 jiragen ruwan yaƙin Ingila suka yi ruwan wuta kan fadar Zanzibar don tumɓuke Sarki Khalid bin Barghash, yaƙin da ake kira mafi gajarta a tarihi. Wasu sun ce minti 38 ya ɗauka, wasu 45, amma mutum kusan 500 na ɓangaren Sarkin suka mutu ko suka jikkata. A 1859 aka haƙo mai a rijiyar Edwin Drake a Amurka. A 1963 W.E.B. Du Bois ya rasu a Akara yana da shekara 95, a 1975 kuma Sarkin Habasha Haile Selassie ya mutu a hannun sojojin da suka tsare shi.

Ta fannin nishaɗi, masu kallon finafinan Indiya sun san muryar Mukesh ko da ba su san sunansa ba, domin shi ya rera yawancin waƙoƙin Raj Kapoor. Ya rasu ranar 27 ga Agusta, 1976, a Detroit ta Amurka, inda ya je wasa. A ranar ce kuma, a 1955, aka kammala bugun farko na kundin bajinta na Guinness.

A wasanni, ranar haihuwar Sulley Muntari ce, a Konongo ta ƙasar Gana, 1984. Ya ci kofin FA da Portsmouth a 2008 tare da Nwankwo Kanu, ya ci kofin zakarun Turai da Inter Milan a 2010, kuma shi ya jefa ƙwallon Gana daga nesa a ragar Uruguay a gasar cin kofin duniya ta shekarar. A ranar 27 ga Agusta, 2017, 'yan matan Najeriya na ƙwallon kwando, D'Tigress, suka doke Senegal da ci 65 da 48 a Bamako, suka ɗauki kofin Afirka.

Waɗanda suka saurari jawabin 1991 a akwatin rediyo a Yelwa, Wara, Birnin Yawuri da Shanga da yawansu suna raye. Ya kamata malaman tarihi na makarantun masarautar da ɗalibansu su zauna da su, su naɗi abin da suka ji da abin da suka gani a makonnin da suka biyo baya, a ajiye a fada da ɗakunan karatu tun ana iya tambayarsu.