Sheng, abin busar Sin da ya haura shekara dubu uku

Duk wanda ya ga hoton sheng zai ɗauka damin kara ne aka kafa a bakin buta. Bututan gora ne, galibi 17, masu tsawo daban-daban, an soka su cikin wani ƙoƙo mai bakin hurawa. A gindin bututun akwai ɗan siririn harshe na tagulla da ke rawa cikin ramin da aka yanka masa ba tare da ya bugi gefe ba. Nan ya bambanta da algaitarmu, wadda harsunanta biyu ke haɗuwa da juna. Bututu ba ya magana sai ka toshe ƙofarsa da yatsa, kuma ko ka hura ko ka shaƙa, sauti na fita. Shi ya sa mai busa ɗaya kan fitar da muryoyi uku ko huɗu a lokaci guda.

Tsufansa ba wasa ba ne. Rubuce-rubucen da aka yi a kan ƙasusuwa zamanin daular Shang, fiye da shekara 1000 kafin Miladiyya, sun ambaci danginsa guda biyu, he da yu. A 1978 aka tono kabarin basarake Yi na Zeng a lardin Hubei, wanda aka binne wajen shekara ta 433 kafin Miladiyya, aka tarar da sheng a ciki. Sinawan da sun kasa kayan kiɗa gida takwas bisa abin da aka ƙera su da shi, suka sa sheng a gidan duma, don ƙoƙonsa na asali duma ne. Harafin sunansa kuwa ya burge ni: sama alamar gora, ƙasa wani harafi da ake karantawa sheng, mai nufin rayuwa ko haihuwa. Ɗaya ya faɗi jinsi, ɗaya ya faɗi lafazi.

Yu ma ya bar musu karin magana. Littafin Han Feizi ya ce sarki Xuan na Qi yana son mabusa 300 su busa tare. Wani mutum, Nanguo, da bai iya komai ba, ya shige cikinsu yana motsa baki yana karɓar albashi. Da magajin sarki ya ce ɗaya-ɗaya yake so ya ji, sai gogan ya tsere. Har yau da wannan labari Sinawa ke yi wa ɗan cika layi ba'a.

Ya ƙetara Japan ya zama sho a kiɗan fada, a Koriya kuma saenghwang. Maganar Turai ce ke da gardama. A 1777 Amiot, wani limamin Kirista Bafaranshe da ke zaune a Beijin, ya aika da sheng Faransa. A 1780 Kratzenstein ya ci kyautar cibiyar ilimi ta San Fitasbag da wata na'ura mai irin wannan harshe, wadda ke furta wasula a, e, i, o, u. Bayan haka armonika ta fito, Demian ya yi wa akordiyo rajista a Biyana a 1829, Debain ya yi wa armoniyom a Faris a 1842. Wasu masana na cewa Turawa da kansu suka gano dabarar. To, mai yiwuwa ne, amma a ganina jerin shekarun nan ya yi kusa ƙwarai da za a kira shi katari, kuma littafin da ya fara tarihin akordiyo daga Biyana ya tsallake shekara dubu biyu da ɗoriya.