Kuloci: Daga Yatsun Hannu zuwa Cikin Mota

Direban da ke bin kwalta daga Gidan Rumji ya ratsa Maradi zuwa Agye da Gazawa yana tsakanin kalmomi biyu: ambiriyaj ta Faransanci, da kuloci wadda ta hauro daga Najeriya tare da kayan gyaran mota. Asalin kuloci shi ne clutch ta Ingilishi, daga tsohuwar kalma clyccan, wato lanƙwasa yatsu. Daga nan ta zama damƙa da ƙarfi, a ƙarni na 19 kuma injiniyoyi suka laƙaba ta ga ƙarfen da ke haɗa inji da abin da yake juyawa. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ya cusa wasali, kamar yadda ya yi wa birki da burodi.

Masu kishin harshe za su ce aron ragwanci ne, tunda muna da damƙa, cafka da riƙo. Amma ai shi ya sa ba a ari aikatau ɗin ba: ba mai cewa ya kulace ɓarawo. Sunan ƙarfen kaɗai aka ɗauka, domin shi ne baƙo. Wannan aro daidai yake.