Daga Akoko Zuwa Roba: Tarihin Zaren Da Ke Jikinka

Mai karatu, ka lura da yadda marubutanmu suke lissafa kayan lefe a littattafan soyayya? Akwati kaza, Holan turmi kaza, leshin Suwis, shadda Gezna. Ba za ka taɓa ganin an rubuta "atamfar roba turmi goma" ba, sai fa in ana son a nuna angon matsolo ne. Amma ka shiga kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci a nan Kaduna, ka taɓa turamen da aka jera tun daga ƙasa har rufi. Mafi yawan abin da talaka ke iya saye a cikinsu robar ce, ko kuma gaurayen roba da auduga, ko da kuwa a bakin zanen an buga da Turanci cewa auduga ce ɗari bisa ɗari. Abin mamakin shi ne a garin da ake wannan ciniki, in ka tsallaka gada zuwa Kakuri, a nan ne aka taɓa saƙa auduga fiye da ko'ina a Arewa.

Auduga dai ba Bature ne ya kawo mana ita ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da masaƙa da marinan ƙasar ke yi suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Mata su kaɗa zare da mazari, maza su saƙa, a kai marina, a buga a mabuga har sai ya yi ƙyalli. Mai hali ya ƙara da tsamiya, silikin da ake samu daga wata tsutsar daji. Duk abin da Bahaushe ya sa a jikinsa a wancan zamani, daga gona ko daji ya fito.

Turawan Ingila sun ga wannan, kwaɗayinsu ya tashi. A 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga a Mancesta domin ciyar da masaƙunsu na Lankasha, kuma begen audugar Arewa yana cikin dalilan shimfiɗa layin dogo da ya isa Kano a 1911. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba. Masaƙan gida sun fi Bature biyan kuɗi mai kyau a kan auduga, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Jirgin da aka kawo don auduga sai ya koma dakon gyaɗa. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau ne audugar sayarwa ta kafu, aka gina injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa.

A 1957 ne labarin ya iso Kaduna. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Lankasha aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Tunanin mai sauƙi ne: maimakon a kwashi audugarmu a kai Ingila a dawo mana da ita yadi, a saƙa ta a nan. Abin da KTL ta fara yi shi ne akoko, yadin talaka, wanda ake rinawa, ake ɗinka taguwa da shi. Daga baya Nortex ta biyo, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa, sai UNTL ta attajirin Hong Kong ɗin nan Cha Chi Ming, wadda ta shahara da atamfa. Dubban mutane daga kowane lungu na ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara aiki kafin ya zama jagoran ƙwadago. Albashin da ake biya a can kudancin kogi, a shagunan Tudun Wada da titin Ahmadu Bello ake kashe wani kaso nasa, yadin kuma 'yan kasuwarmu ne ke sararsa.

To ina roba ta fito? Ka ji wani ikon Allah: daga Lankashar dai. A 1941 wasu masana biyu, Whinfield da Dickson, suka haɗa zaren da ake kira foliyesta, wanda a yau daga sinadaran man fetur ake yin sa. Ba ya buƙatar gona ko damina, tsutsa ba ta cin sa. Kuma a faɗi gaskiya, da ya iso mana ba da ƙarfi aka tura mana shi ba. Ba ya yamutsewa, ba ya son guga, ka wanke da daddare ka sa da safe. Uwar da ke da 'ya'ya biyar a makaranta ta san amfanin wannan. Masaƙun gida ma sun riƙa gauraya shi da auduga.

Abin da ya karya Kakuri ya fi ƙarfin zare. Kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. A 1986, zamanin SAP, aka rushe hukumar cinikin auduga, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar NEPA ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya, alhali matatar mai tana nan Kaduna tun 1980. Ana cikin haka aka buɗe ƙofa ga yadin waje a 1997, kuma ko da aka sake hanawa, kayan Caina sun ci gaba da sauka a Kwatano, su bi ta Maraɗi su shigo ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Arewa Textiles ta bi sahu, UNTL ta tsaya a 2007. Ka duba shekarun da kyau: daidai lokacin da finafinai irin su 'Sangaya' da 'Wasila' suka buɗe wa harkar fim kasuwa, 'yan mata suna kai wa tela hoton ɗinkin jaruma, lokacin ne injinan da ya kamata su saƙa atamfar suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

A duniya ma haka abin ya juya. Yanzu foliyesta ta haura rabin duk zaren da ake yi, auduga kuwa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar ba.

Ni a ganina laifin ba na roba ba ne, tana da ranarta, kuma ba don arharta ba da yara da yawa ba su yi sabon kayan sallah ba. Inda gizo ke saƙar shi ne a sayar maka da ita da sunan auduga, a kuma karɓi kuɗin auduga. A da sunan masaƙa shi ne shaida, domin an san inda take, wataƙila ma maƙwabcinka a can yake aiki. Yau tambarin Holan da lambar zane duk ana kwaikwayonsu, babu wanda za ka kama. Jikinka ne zai gaya maka a watan Afrilu, lokacin da zufa ta rasa hanyar fita, ko cikin hunturu da zane ke manne wa ƙafa yana ƙyas-ƙyas.

Ke kuma 'yar'uwa mai shiga kicin, naki ya fi. Auduga tana kama wuta, har ta fi saurin ci, amma toka take zama. Roba narkewa take yi ta liƙe a fata, shi ya sa ƙunarta ke da muni. Ki kula da abin da kike ɗaurawa gaban risho ko gas.

Wannan bambanci ne ma tsofaffin dillalai ke amfani da shi. A zare 'yan silili daga bakin turmi, a ƙyasta ashana. In ya ci da warin takarda ya bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa, auduga ce. In ya ƙanƙance ya guje wa wutar, ya yi baƙin hayaƙi ya dunƙule kamar tsakuwa, roba ce. In ya yi duka biyun, gauraye ne. Ka dai nemi izinin mai shago tukuna, kuma ka fito waje kafin ka ƙyasta.