Lambar Gefen Babur da Sunan Tenere: Me Ake Aunawa a Ƙasar Ƙonni da Adar?

A gefen kusan kowane babur da ke kai da kawo tsakanin Birnin Ƙonni da Illelar Najeriya akwai lamba a rubuce: 100, 125, 150, jefi-jefi 200. Ka tambayi masu hawa ma'anarta ka ji amsa iri-iri. Wani ya ce iyakar gudunsa ke nan, wani ya ce kilon kayan da zai iya ɗauka, wani ya ce "ƙarfinai ne" ya ja bakinsa. Na ƙarshen ya fi kusa, amma shi ma da sauransa. Tun da a kan wannan lamba ake ciniki, ita ce ke sa saurayi ya sayar da rago ya haɗa da kuɗin albasa don ya hau na gaba, ya kamata a san abin da take faɗa da abin da ta yi shiru a kansa.

Lambar tana nuna faɗin cikin inji ne, wato yawan iska da man da fistin ke zuƙa a sauka ɗaya. Ana auna shi da sisi, ba sisin kuɗi ba, harufan nan biyu na cc. Sisi 1,000 shi ne lita ɗaya. Ke nan in ka ɗauki kwalbar lita ta mai ruwa-ruwa ka raba ta takwas, kashi ɗaya shi ne cikin injin 125. Kuma kamfanoni kan cika lambar ta zama mai daɗin faɗa. Honda CG125 sisi 124 ne, Bajaj Boxer 150 bai kai 145 ba, Yamaha Ténéré 700 kuwa 689 ne.

Takardar da aka manna a gefe ba ita ce shaida ba, domin kowa na iya ɓare ta ya manna wata. Shaidar tana jikin ƙarfe. A baburan Sin irin su Kasea da Haojue da Jincheng, in ka durƙusa ta gefen hagu kusa da ƙafar giya, ka goge baƙin mai da ƙura da tsumma, sau da yawa za ka ga an buga wani abu kamar 157FMI ko 162FMJ. Lambar farko tana cewa silinda ɗaya ce. Biyun da ke bin ta faɗin bakin silindar ne a milimita. F na nufin iska ke sanyaya injin, M na nufin na babur ne. Harafin ƙarshe shi ne maganar: G 100, H 110, I 125, J 150, L 200. Duk wanda zai sayi na hannu a kasuwa ya kamata ya iya karanta wannan layin kafin ya zaro kuɗi, ko da bai iya karanta komai ba bayan shi.

Sai doki. Tun zuwan keke Bahaushe ya ce masa dokin ƙarfe, daga baya babur ya gaji sunan, saboda haka da aka ce ana auna ƙarfin inji da dawaki maganar ba ta baƙunci kunnenmu ba. James Watt, mutumin Sikotilan, shi ya kafa ma'aunin a ƙarni na 18 don ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa na tururi zai maye. Doki ɗaya wat 746 ne a lissafin Ingila, kimanin 735 a lissafin Faransa, inda suke ce masa dokin tururi. Ita kanta kalmar babur masana harshe suna kai ta ga Larabci, inda ake kiran injin tururi da jirgin ruwa mai hayaƙi da wannan suna. A Ƙonni an fi jin moto da mashin, babur ya fi yawa a bakin mutanen Kano da gidajen rediyo, kuma duk ukun suna yawo a kasuwa ɗaya ba mai tambayar wani fassara. Sai dai a kula, dawakin da ake rubutawa a takardar mallakar abin hawa a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa na lissafin haraji ne, ba su ne dawakin inji ba.

Sisi da doki ba tagwaye ba ne. CG125 yana ba da doki kusan 11, Boxer 150 kusan 12. Inji biyu masu sisi ɗaya na iya bambanta ƙwarai, gwargwadon yadda aka ƙera su da irin juyin da suke yi kafin ƙarfin ya fito. A nan ne kalmar da na fi ganin girmanta take shigowa, wadda ba a rubuta ta a jikin kowane babur ba: ja. Ɗan kabu-kabu ba ya tambayar doki nawa. Yana tambaya, "Shina da ja?" Yana nufin in an ɗora buhun albasar Galmi, wanda kan haura kilo 100, aka ɗora mai buhun a kai, shin mashin zai tashi daga tsaye ba tare da an ƙona kuloci ba? Zai hau tudu da giya ta biyu ba ya shaƙewa? Injiniyoyi suna da ma'auninsu na wannan ƙarfin murɗawa, kuma sun yarda shi da gudu abu biyu ne. Doki mai yawa yana amfani a kan kwalta miƙaƙƙiya in an murɗe totur. Ja kuwa shi ke fitar da kai daga yashi. Honda ta gane haka tun 1975, lokacin da ta fito da CG125 musamman don ƙasashen da ake yi wa babur lodi fiye da kima, ana jinkirin juye, ƙura kuma ba ta ƙarewa. Yawancin injinan Sin da suka cika garejin Ƙonni da Malbaza jikokin wannan injin ne, shi ya sa fistin da ringin wannan kan shiga wancan.

Akwai wani jinsin babur da har yau Hausa ba ta tsayar masa da suna ba: dogo, mai babban tanki da doguwar shakazoba da tayar gaba mai inci 21 ko 19, wanda aka yi don doguwar tafiya a kwalta da inda kwalta ta ƙare. A Nijar wasu kan haɗa shi da ƙananan 'yan uwansa su ce kuros, wasu su ce mashin ɗin Turawa. Abin da ya kamata mu sani shi ne ƙasar Nijar tana cikin tarihin haihuwarsa. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a hamada a kan babur yana cikin tseren Abijan zuwa Nis. Da aka ceto shi sai ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ya ratsa Agadas da Yamai. Cyril Neveu ya ci na farko a kan Yamaha XT500. A 1980 BMW ta fito da R80 G/S, harufan biyu na nufin daji da titi a Jamusanci. A 1983 Yamaha ta sa wa sabon babur ɗinta sunan Tenere, hamadar da ke gabas da duwatsun Abzin, a 1988 kuma Honda ta kawo Africa Twin. Yau akwai dubban mutane a Turai da Amurka da Japan da ke furta Tenere kullum, a zatonsu sunan mashin ne kawai.

Ina jin daɗin wannan tarihi, kuma ina ganin ya dace yaran Tawa da Agadas su san shi. Amma suna ba ya ɗaga babur in ya faɗi. Ténéré 700 yana da doki sama da 70, nauyinsa da mai a tanki kilo 204, sirdinsa ya kai santimita 87 daga ƙasa. BMW R1250 GS Adventure yana da doki 136 da tankin lita 30, nauyinsa kilo 268. Boxer 150 kuwa bai wuce kilo 125 ba. Nauyi shi ne girma na uku, bayan sisi da doki, kuma shi ne wanda masu saye suka fi mantawa alhali shi jiki ya fi ji.

A dubi ƙasar da za a taka. Daga Ƙonni zuwa Yamai kimanin kilomita 420 ne a kan babbar hanya ta ɗaya, gabas kuma ta bi ta Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta nufi Maraɗi. A Tsarnawa hanyar Tawa ke rabuwa ta yi arewa ta Badagishiri. A kan waɗannan, babban mashin sarki ne: zai wuce tirelolin siminti da na albasa cikin ƙiftawa, ba ya rawa in iskarsu ta buge shi, bayan mai hawa ba ya ciwo. To amma garuruwa nawa ne ke bakin kwalta? Ka sauka ka nufi ƙauyukan Illelar Nijar da Tajaye, ko ka gangara kwarin Majiya, sai ƙasa ta riƙa sauya maka fuska a tafiyar sa'a ɗaya. Ga fako mai tauri, ga tsakuwa da marmara a kan tudun Adar masu yanka taya, ga jigawa mai yashi, ga gebe da ruwa ya zaftare bara, ga laka a fadama da damina wadda ke cika tsakanin taya da madigadi har ta daina juyawa. Kowanne daga cikin sunayen nan tambaya ce ga mashin. A yashi kowa na faɗuwa, gwani da ɗan koyo. Mai kilo 120 zai miƙe ya kakkaɓe riga ya ɗaga abinsa shi kaɗai. Mai kilo 260 zai zauna a ranar watan Afrilu yana jiran Allah Ya kawo mai amalanke.

Sai maganar mai da gyara. Mafi yawan man da babura ke sha a wannan yanki daga kwalba da jarka yake fitowa, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya koma lissafin lita. Kafireto yana haƙuri da man da ya ɗan sha ƙura ko ruwa. In ya toshe, yaron gareji zai kwance shi a kan tsumma, ya wanke da fetur a gwangwani, ya hura jet da baki, ya mayar kafin ka gama shan shayi. Manyan baburan zamani famfo da na'ura ke ba su mai, kuma in suka yi gardama sai an jona su da kwamfuta, kayansu kuwa sai an yi odarsu daga nesa. Shi ya sa tsohon bakanike, in saurayi ya zo masa da hoton wani ƙato a waya yana cewa, "Maigida, wanga nika so," ba ya fara da kuɗi. Cewa yake, "Ƙanena, ina za ka riƙa zuwa da shi? Mi za ka ɗauka? In ya lalace a Badagishiri wa zai taɓa maka shi?"

Amsar da aka daɗe da samu a aikace tana cikin wani suna mai harafi biyu, DT. Shekaru da dama Yamaha DT125 ne abin hawan malaman gona da ma'aikatan allurar rigakafi da na ƙungiyoyin raya karkara, har ya zama in an ga DT ta shigo gari an san ma'aikaci ya zo. Sisi 125 ne kacal, injin bugu biyu mai hayaƙi da shan mai, amma dogo ne, cikinsa ya yi nisa da ƙasa, tayar gabansa babba, ga shi shafal. Waɗanda aikinsu ya tilasta musu isa kowane ƙauye ba su zaɓi doki 100 ba. A ganina wannan shaida ta fi duk wata talla. Wanda zirga-zirgarsa ta ƙauye da kasuwa ce da goyo da kaya, 125 zuwa 150 mai ja ya ishe shi. Wanda ke haɗa doguwar kwalta da hanyar ƙasa, dogon mashin mai 200 zuwa 300 ya fi masa, muddin tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa yana zaune kuma yana iya ɗaga shi. Abin da ya haura 600 na wanda ya riga ya ƙware ne, mai tafiya cikin ayari, mai hanyar samun kayan gyara. Turawan da ke ƙera su ma ba sa barin matashi ɗan koyo ya fara da su: a Tarayyar Turai lasisin farko ya tsaya a 125, na biyu yana da iyakar kilowat 35, sai bayan shekaru ake sakin mutum.

Da a da ne, da sai in ce mu kira wannan jinsi babur ɗin daji mu huta. Yanzu ba ya faɗuwa, domin kalmar daji ta ɗauki wani nauyi. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato akwai samfurin babur mai 125 da bakin mutane ya laƙaba wa Boko Haram, saboda masu ɗauke da bindiga sun fi son sa, kuma dalilinsu shi ne dalilin manomi: ja, juriya, ɗaukar mutum uku. A 2021 waɗanda suka sace ɗaliban jami'ar Greenfield a Kaduna sun haɗa da babura cikin abin da suka nema na fansa. Jihar Diffa ta hana hawan babur a Fabrairu 2015, sassan Tillaberi a Janairu 2020, Burkina Faso kuma ta hana shigo da irin su Aloba da Sanili a 2022. Kano ta hana acaɓa tun Janairu 2013. Kowace doka cikin waɗannan ta faɗa a kan ɗan kabu-kabu da mai kai mara lafiya asibiti kafin ta taɓa wanda aka yi ta dominsa, kuma wannan abu ne mai ciwo ga duk wanda ya san yadda ake ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Galmi. Saboda haka mai zaɓen babur a ƙasar iyaka kamar Ƙonni yana da ƙarin tambaya da mai saye a Faris ba shi da ita: da wane suna jami'in da ke shingen hanya da mutanen ƙauyen da zai ratsa suka san wannan samfurin? Ya tambayi 'yan tasha kafin ya biya, ya riƙe takardunsa a jiki, kuma ya bincika dokar da ke aiki a yankin da zai shiga a makon da zai yi tafiyar.