Filin Jirgin Goma: Titin da Dutse Ya Cinye

Tsakanin Goma da Kinshasa akwai tazarar kilomita sama da 1,500, kuma babu wata hanyar mota ta kirki da ta haɗa su. Duk ɗan kasuwa ko jami'in gwamnatin da zai je babban birnin Kwango daga wannan gari na bakin Tafkin Kivu, jirgin sama zai nema. Shi ya sa filin jirgin Goma, duk da ƙanƙantarsa, ya fi ƙarfin a raina shi.

A 1994 duniya ta san sunansa. Bayan kisan kiyashin Ruwanda, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallako daga garin Gisenyi na Ruwanda cikin 'yan kwanaki, kwalara ta ɓarke a sansanoninsu, jiragen agaji suka yi ta sauka da magani da injinan tace ruwa. Sojojin Faransa ma a nan suka kafa sansaninsu.

Sai ranar 17 ga Janairun 2002, dutsen Nyiragongo da ke arewa da garin ya yi aman wuta. Narkakken dutse ya gangaro, ya ratsa tsakiyar Goma har cikin tafki, kuma a hanyarsa ya hau kan titin jirgi ta ɓangaren arewa. Titin da yake da tsawon mita 3,000 ya koma kusan 2,000. Da abin ya huce, sai ya daskare ya zama baƙin tudu mai kaifi a ƙarshen kwalta. Jirage ba su daina zuwa ba, domin babu wata mafita. Ƙananan jirage suka ci gaba da jigilar kuza daga Walikale, manya kuma suka ci gaba da lodin fasinja a kan guntun titi.

Wannan ganganci ya ci rayuka. Ranar 15 ga Afrilun 2008, jirgin DC-9 na kamfanin Hewa Bora, mai niyyar zuwa Kisangani, ya samu matsalar inji yana cikin gudun tashi. Matuƙin ya taka birki, titi ya ƙare, jirgin ya fasa shinge ya afka cikin kasuwar unguwar Birere. Mutum kusan 40 suka rasu, akasarinsu masu saye da sayarwa ne waɗanda ba su sayi tikitin kowa ba. A Nuwambar 2009 wani jirgin ya zarce wajen sauka, ya tsaya a kan daskararren dutsen.

Gyara ya zo a hankali, kuma daga waje. Ƙungiyar agaji ta Jamus, Welthungerhilfe, ta fasa dutsen ta ƙwato wani sashe na titin, aka miƙa shi a 2015. A 2015 Bankin Duniya ya ware dala miliyan 52 don ƙarasa aikin, a shekarar ce kuma jirgin Ethiopian Airlines ya fara zuwa daga Addis Ababa. Da Nyiragongo ya sake fashewa ranar 22 ga Mayun 2021, wutar ta tsaya gab da filin.

Yaƙi ne ya rufe shi. A ƙarshen Janairun 2025 mayaƙan 'yan tawayen M23 suka kama Goma tare da filin jirginta, zirga-zirga ta tsaya cak. Matafiya da ma'aikatan agaji suka koma tsallaka iyaka zuwa Ruwanda, su yi tafiyar mota ta awanni har Kigali kafin su samu jirgi.