Babannin Fada da Sirrin Ciwon Tsofaffi

Fataken Hausa da suka riƙa bin hanyar Gwanja, suna ɗauke da kanwa da tufafin Kano domin su komo da goron Salaga, sun yada zango a Wagadugu tun kafin Faransawa su ci garin a 1896, har zangon ya zama unguwa mai liman da makarantar allo. A cikin abubuwan da suka tarar a fadar Moro Naba, sarkin garin, akwai wanda bai zame musu baƙo ba, wato babanni, bayin da aka fiɗiye tun suna yara, waɗanda shugabansu, Kamsaogo Naba, yake cikin manyan 'yan majalisar sarki. Tarihin Kano ya ce Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina babanni 40, kuma Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ba su muƙamai. Shari'a ta haramta fiɗiye mutum haramci bayyananne, amma sarakuna suka ga hanyar kauce mata ita ce su sayi wanda wani ya riga ya nakasa, kuma yaran da suka mutu a hannun masu wuƙa ba wanda ya ƙidaya su.

A jikin waɗannan bayin Allah akwai wani ilimi da ba a lura da shi ba sai daga baya. Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙullutun nama da ya kewaye hanyar fitsari, likitoci na ce masa furostet, wanda idan shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanyar, har ka ga dattijo ya tashi sau da yawa cikin dare, ya tsuguna da buta ya daɗe, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan, alwala ta ƙi zama masa daga Magariba zuwa Isha'i. Wanda aka fiɗiye tun yana yaro bai san wannan wahala ba. John Hunter, likitan Birtaniya, ya bayyana tun 1786 cewa naman yakan ƙanƙance a jikin dabbar da aka dandaƙe. Kuma da aka duba tsofaffin babannin fadar Sin su 26 a Beijin a 1960, sai aka kasa jin alamarsa a jikin 21 daga cikinsu. Da haka ta tabbata cewa sinadarin da maraina ke fitarwa, testostaron, shi ne asalin girmansa.

Sauran bayanin ya fito ne daga wani ƙauye mai suna Salinas a Jamhuriyar Dominika, inda likita Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoto a 1974 a kan mutum 24 daga gidaje 13, waɗanda aka haife su da sura mai kama da ta mata, aka rene su a matsayin 'yan mata, sai da balaga ta zo murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, gaba ya girma, suka bayyana maza. Malamanmu na fiƙihu ba za su yi mamaki ba, domin da hukuncin hunsa, wato mata-maza, Muhtasar na Halilu ya rufe babin gado. Abin da bincike ya ƙara shi ne sababi: jikinsu yana da testostaron isasshe, amma ya rasa wani inzayim da ke juya shi zuwa sinadari mafi ƙarfi, DHT, kuma wannan rashi ba ya samun yaro sai ya gaje shi daga uwa da uba duka, shi ya sa ya yawaita inda auren zumunci ya yi kauri. Gemunsu bai cika ba, sanƙo bai kama su ba, furostet ɗinsu kuma ya zauna ƙarami har tsufa.

Kamfanin Merck ya ɗauki wannan bayani ya haɗa ƙwayar da ke toshe inzayim ɗin da gangan, finasteride, aka amince da ita a Amurka a 1992, kuma ita ce ɗaya daga cikin magungunan da likita kan rubuta wa dattijon da fitsari ya tsare, a Wagadugu ko a Kano.