Rinin Da A Ke Duba Zuciya Da Shi

A shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano hasken nan da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Amma hasken ba ya nuna jijiyoyin jini, sai an ɗura musu wani ruwa mai aidin, wanda a ke kira rini. Da fari likitoci na tsoron kai rinin nan cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, don suna zaton mutum zai mutu nan take. Ran nan, cikin 1958, a birnin Cleveland na Amurka, bututun wani likita Mason Sones ya goce, rini ya kwarara cikin jijiyar zuciyar majinyaci bisa kuskure. Mutumin ya rayu. Daga nan aikin ya bazu a duniya.

To, rinin farko yana da zafi. Majinyaci ya kan ji kamar an watsa masa wuta a jiki, wani har ya yi amai. A 1969 Torsten Almén, likita mutumin Suwidin, ya kawo dabarar yin rini mai sauƙi, kafin 1985 kuwa irinsa ya shiga asibitoci da yawa. Kowa ya yi murna.

Ashe tsohon rinin nan mai zafi yana wani aiki wanda ba a kula da shi sosai ba, watau yana hana jini daskarewa. Sabon kuwa ƙarfinsa wajen nan kaɗan ne. A 1987 aka ba da labarin cewa in jini ya koma cikin sirinji ya gauraya da sabon rini, aka bar shi ya jima, ya kan yi guda-guda. Abin tsoro ne ƙwarai, gama gudan jini ko da bai kai ƙwayar gero ba, in aka tura shi ya toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, yana iya kashe mutum ko ya shanye masa ɓarin jiki.

Aka yi ta gardama shekara da shekaru, waɗansu suna cewa a koma ga tsohon. Mafi yawa dai suka gyara hannunsu. Suka riƙa wanke bututu da ruwan gishiri a kai a kai, suna ba majinyaci heparin, maganin tsinka jini, ba su kuma barin jini ya kwanta cikin sirinji. Manyan gwaje-gwaje da aka bayyana a 2000 suka nuna sabon rinin bai fi tsohon jawo toshewar jijiya ba. Shi ne yawancin asibitoci ke aiki da shi yau.